GARIN NEMAN ƘIBA: MATASA DA MA'AUNIN JIKI A ƘASAR RIRUWAI

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce garin neman ƙiba akan samo rama. A da, wannan magana jan kunne ce ga mai haɗama, wanda ya saki na hannu ya bi na guje. A yau kuwa ta zama bayanin likita tsantsa, domin akwai ƙwayoyin da ake tallarsu a kan tire ranar kasuwa waɗanda aikinsu ke nan: su kumbura mutum na 'yan watanni, sa'an nan su bar shi da jinyar shekaru.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba dalilin da ya sa samari da 'yan mata a ƙasar Riruwai da maƙwabtanta na kudancin Jihar Kano, watau Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, suke sayo wa kansu cuta da kuɗinsu don su sauya siffar jikinsu. Ra'ayin da za a kare shi ne, cutar daga baki take farawa kafin ta isa kemis. Jama'a ta yanke ma'auni guda na yadda jikin mace zai kasance, da wani na yadda jikin namiji zai kasance, ta kuma sa zambo da habaici su tsare su. Wanda ya bi ma'aunin da gudu yana cutuwa, wanda ma'aunin ya tsallake shi ya fi cutuwa. Muddin ba a gyara bakin da ke aiken yaro kemis ba, rufe kemis ba zai warkar da kowa ba.

Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Riruwai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, gari ne na duwatsu da kuza. Tun kafin zuwan Turawa mutanen garin suke wanke kuza su narka ta, su zuba ta silli-silli kamar tsinke, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni. Daga baya kamfanoni suka shigo da injuna, aka haƙa rami mai zurfi, har babban aikin ya tsaya cikin shekarun 1980, farashin kuza kuma ya karye a kasuwar duniya a 1985. Abin da ya rage shi ne samari da diga da shebur, da gonakin masara da shinkafa. Ke nan ƙasa ce da ƙarfin jiki shi ne jarin talaka.

Wanda ya tashi daga Riruwai zai je birnin Kano sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya fito Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, sa'an nan ya hau titin Zariya ya bi ta gefen Bebeji. Tafiya ce ta sa'o'i, mai cin kuɗin mota. Likitan ƙoda da likitan fata suna can ƙarshen wannan hanya, amma ƙwayar da ke lalata ƙoda da man da ke ƙona fata sun riga sun biyo hanyar sun iso har ƙofar gida. Haka kuma wayar hannu ta kawo hotunan 'yan fim da na matan TikTok har cikin ɗakin yarinyar da ba ta taɓa ganin Ƙofar Nasarawa ba. Madubin ya zo, ƙwayar ta zo, likitan ne kaɗai bai zo ba.

Ma'aunin Tsoho ne, Kayan Aikin ne Sababbi

Kada mai karatu ya zaci wannan kukan zamani ne irin na masu cewa da can komai lafiya lau. Bahaushe ya daɗe yana auna jiki. Shi ne ya yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, shi ne yake ganin ƙibar amarya alamar gidan wadata ce, ramarta kuwa abin kunya ne ga iyaye kafin aure, ga miji bayan aure. Shi ne kuma ya ce namiji barkono ne sai an tauna za a san yajinsa, ya kafa dambe da kokawa da tauri don a tauna ɗin. Ɗan tauri ma da jiƙo da gari yake dafa jikinsa. Ba Hausawa kaɗai ba: Efik na Kalaba suna da ɗakin kiwon amarya, a Muritaniya har ɗura akan yi wa 'yan mata da nonon raƙumi, kuma Rebecca Popenoe ta wallafa littafi guda a 2004 a kan irin wannan al'ada a tsakanin Larabawan Azawak na Jamhuriyar Nijar.

To amma fa akwai bambanci iri biyu. Na farko, kayan aikin da can abinci ne da ganye: fura da nono, kunun gyaɗa, kazar amarya, lalle, da dilka da aka aro daga Barno. Waɗannan ko ba su yi amfani ba, ba kasafai suke kisa ba. Na biyu, ma'aunin jiki ba shi ne babban ma'auni ba. A laccarsa da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya tattara halaye goma da Hausawa suke gane mutumin kirki da su, watau gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ake aunawa da sikeli ko a gani a madubi. Ramammiyar mace tana iya cika su duka, haka ma namiji mai siririyar murya. Abin da ya faru shi ne ƙaramin ma'auni ya hau kan babba, kasuwa kuma ta kawo masa makamai.

Abin da Ƙwaya ke Yi wa Mace

A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da aka sa ranar bikinta bayan kaka. Siririya ce tun fil azal, kamar uwarta. Ran nan goggonta ta dube ta ta ce, "Ke 'yar nan, haka za a kai ki kamar sillen kara? So kike dangin miji su ce ba ma ba ki abinci?" Ƙawaye suka kwashe da dariya. Babu wanda ya yi nufin sharri, amma kafin mako ya zagayo an ƙulle mata ƙwayoyi a leda, irin waɗanda 'yan mata suka raɗa wa suna sha-ka-fashe. Sunan kaɗai ya isa wa'azi.

Magungunan da aka fi sha don ƙiba iri biyu ne. Na ɗaya shi ne saiforoheftadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, amma yana buɗe ciki yana kawo barci mai nauyi. Shi ne a cikin ruwan maganin nan Apetamin, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunnen jama'a a kansa a 2023, saboda yana jawo jiri da kasala, yana kuma iya taɓa hanta. Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne deksametazon. Magani ne mai daraja a hannun likita, ana ceton rai da shi. Amma in aka daɗe ana shansa sai ya tara ruwa a jiki, ya kwashe kitse ya jibge shi a fuska da ciki da doron wuya, hannuwa da ƙafafu kuwa su sirance. Fata ta yi laushi ta tsattsage, ƙashi ya yi rauni, jini ya hau, ciwon sukari ya samu ƙofa, al'ada ta rikice, ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Watau abin da goggo ta gani ta ce masha Allahu kumburi ne ake yi wa kallon ƙiba.

Daɗin daɗawa, wannan ƙwaya tarko ce mai ƙofa ɗaya. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke samar wa jiki irin wannan sinadari gwargwadon bukata. In ta ga ana kawo shi daga waje kullum sai ta daina aiki. Ranar da mai sha ta tsorata ta bari farat ɗaya, jiki ba shi da na waje ba shi da na ciki, sai amai da jiri da faɗuwar jini, har ta kai ga rasa rai. Saboda haka duk wadda ta daɗe a kanta, ba a gida za ta yanke ba, sai likita ya riƙa rage mata sannu a hankali.

Haka zancen yake ga man bilicin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da mayukan ƙara haske. Ko da an zubar da rabin wannan adadi, abin da ya saura ya isa tashin hankali. Guba uku ne suka fi yawa a cikin waɗannan mayuka: zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wadda take ratsawa har ga ɗan tayi, haidirokwinon, wanda in an daɗe a kansa yake barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, tabon da ba ya fita da sauƙi, da kuma dangin deksametazon na shafawa, masu cinye kaurin fata har ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Yarinyar da ke noma da surfe a rana ta fi 'yar birni shiga haɗari, domin baƙin da take kankarewa shi ne laimar da fatarta ke fakewa a ƙarƙashinta.

Abin da Ƙwaya ke Yi wa Namiji

Akan ɗauka wannan ciwon mata ne. Ba haka ba ne. Ma'aunin namiji ya fi tsanani, sai dai shi ba a yarda ya yi kuka ba. A bakin ramin kuza ko a gonar ƙwadago, kalma ɗaya ce take kashe saurayi, a ce masa rago, ko a ce yana aiki kamar mace. Don gudun wannan kalma yaro yake haɗiyar tiramadol da sassafe, ya yi aikin mutum biyu bai ji gajiya ba. Gajiya kuwa ita ce 'yar aiken da jiki ke turowa ya ce a dakata. Wanda ya kashe ɗan aike bai hana saƙon zama gaskiya ba. Ƙarshen abin shi ne farfaɗiya da kamu, har ƙwayar da aka fara sha don a yi aiki ta zama ita ake yi wa aiki. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu da irin su tiramadol da kodin. Gidan gyaran hali da Gwamnatin Jihar Kano take da shi a Kiru shaida ne cewa abin ba labarin nesa ba ne.

Ban da wannan akwai sabon yayi na ɗaga ƙarfe da neman faɗin ƙirji. Motsa jiki abu ne mai kyau, babu mai ja. Illar tana zuwa ne in aka haɗa da allurai da ƙwayoyin gina tsoka, waɗanda suke kwaikwayon sinadarin mazakuta. Jiki in ya ga an cika shi da na aro sai ya daina yin nasa: 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, nono ya fito, hanta da zuciya su wahala. Abin mamaki, maganin da aka sha don a cika namiji shi ne yake rage mazakutar. Garin neman gira an rasa ido.

Waɗanda Ma'auni ya Tsallake

A nan ne maganar take da nauyi, kuma a nan ne aka fi yin shiru. A kowane gari akan sami yaron da tun yana ƙarami tafiyarsa da muryarsa da karkatar hannunsa suka fi kama da na mata, haka kuma akan sami yarinyar da ta fi sakewa da aikin maza da zaman maza. Harshen Hausa bai jahilci wannan ba, yana da kalmomi: ɗan daudu, mata-maza, luwaɗi, maɗigo. Kuskuren da ake yi shi ne a zuba su a kwando ɗaya, alhali kuwa abubuwa uku ne mabambanta. Akwai halittar jiki, akwai salon mutum na magana da tafiya da sutura, akwai kuma inda sha'awarsa ta karkata. Ɗaya ba ya tabbatar da ɗaya.

Malaman zaure sun riga kowa rarrabewa. Mas'alar ƙarshe a cikin Muhtasar na Shaihu Halil, littafin da manyan ɗalibai suke sauke fiƙihu da shi a ƙasar Hausa, ita ce rabon gadon mata-maza wanda aka kasa gane ɓangarensa, aka ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Watau shari'a ta san da shi, ta yanka masa haƙƙi. Haka kuma Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bambanta namijin da aka halitta da ɗabi'un mata, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Ta fuskar nazarin zamani kuwa, Rudolf Gaudio, wanda ya yi shekaru yana bincike a Kano ya fitar da littafinsa a 2009, ya nuna cewa daudanci ya haɗa da sana'a da salon magana, irin su sayar da abinci a tasha da gwanintar habaici, kuma da yawa daga cikin 'yan daudu suna da mata da 'ya'ya. A ɗaya gefen, mai neman maza yana iya zama ƙaton da ba wanda zai zarga. Saboda haka mai yanke wa yaro hukunci daga jin muryarsa zato kawai yake bi, zato kuwa ko ya zama gaskiya zunubi ne a bakin Hausawa.

Mece ce haɗin wannan da ƙwaya? Yaron da ake kira ɗan daudu tun yana firamare hanya biyu ce a gabansa, kowace kuwa ta bi ta kemis. Ko dai ya yi ƙoƙarin kashe zargin, ya fi kowa shan tiramadol, ya fi kowa ɗaga ƙarfe, ya shiga ramin da kowa ya ƙi shiga, don a ce ashe namiji ne. Ko kuwa ya fid da rai, ya bar gida ya koma bariki inda ba a san ubansa ba, can kuma ya tarar da wani ma'aunin, na haske da laushin fata da cikar jiki, ya kama bilicin da sha-ka-fashe ba mai ce masa kul. Likitoci a ƙasashe da dama sun san maza masu shan ƙwayar tsarin iyali ta mata don jikinsu ya sauya, abin da ke iya sa jini ya daskare a jijiya ya toshe huhu.

An auna wannan a wasu wurare. A 2014 mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, ta buga wani nazari a kan samari 'yan sakandare fiye da 17,000. Aka tarar kashi 21 cikin ɗari na waɗanda sha'awarsu ta karkata ga maza sun taɓa amfani da magungunan gina tsoka ba da izinin likita ba, a sauran samari kuwa kashi 4 ne kacal. Daga cikin dalilan da masu nazarin suka gano akwai cin zalin da ake yi musu da baƙin cikin da yake biyo baya. A 2016 mujallar ta sake buga wani nazarin da ya nuna ɗaya fuskar: 'yan matan da suka fi ƙoƙarin cika siffar mace sun fi shan maganin zawo don su rame, samarin da suka fi ƙoƙarin cika siffar namiji kuma sun fi shan kayan gina tsoka. Can rama ake nema, nan ƙiba, adadinsu kuma nasu ne. Amma igiyar iri ɗaya ce, tana shaƙe na cikin da'ira, ta fi shaƙe na waje.

Hujjojin Masu Ja

Wani zai ce tsangwama ita ce tarbiyya, in aka daina kunyata mai karkata ɓarna za ta yaɗu. Wannan magana tana bukatar amsa ta gaskiya. Matsayin addini a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, haka ma na doka: Jihar Kano ta kama aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, a watan Janairu na 2014 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya. To amma shari'ar da ta yi hani ita ce kuma ta gindaya sharuɗɗan shaida masu tsanani, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana jifa da miyagun sunaye. Ba ta ba yaran unguwa alƙalanci ba. Sa'an nan a duba sakamako. Shekara nawa ana yi wa irin waɗannan yara ature, wa aka taɓa gani ature ya kaurara masa murya? Abin da yake yi kawai shi ne ya raba yaro da uwarsa da malaminsa, watau mutanen da za su iya yi masa faɗa ya ji.

Bugu da ƙari, tsoro yana korar marar lafiya daga asibiti. Wani nazari da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya nuna cewa a tsakanin maza masu neman maza, waɗanda suke tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin ɗari bayan dokar 2014. Wanda ya ji tsoron malamin asibiti ba ya daina ciwo, mai tire yake komawa. Cutar da aka ɓoye kuwa ba ta tsayawa a jikin mai ita, tana shiga ɗakin matarsa.

Wani kuma zai ce ai jikinsu ne, ado ne, kowa da abin da yake so. Da haka ne da babu magana. Amma zaɓi sai da sani. Yarinyar da aka ƙulle wa ƙwaya a leda, babu suna babu takarda, ba ta zaɓi hawan jini ba. Abin da ta zaɓa shi ne goggo ta daina yi mata gori. Na uku zai ce a kama masu sayarwa a huta. Lalle a kama su. An hana ruwan maganin tari mai kodin a 2018, an kuma rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Garin Kano a 2024 don a tilasta wa dillalai komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, inda za a iya sa musu ido. Wannan aiki ne mai kyau. Sai dai in akwai mai saye ba a rasa mai sayarwa, kuma hanyar Falgore ta fi ƙarfin ma'aikacin duba magani guda ɗaya.

Abin Yi

Gyara na farko na iyaye mata ne da goggonni da masu gyaran amare, domin a hannunsu yarinya take watannin da suka fi haɗari. Su ne ya kamata a fara koya wa bambancin ƙiba da kumburi, da alamun mai shan deksametazon: fuska ta yi zagaye kamar faifai, ƙafafu sun sirance, ga jan zane a ciki da cinya. Na biyu na shugabannin 'yan haƙa ne da sarakunan noma da na tasha, waɗanda suke biyan lada bisa yawan buhu ba tare da tambayar abin da yaro ya haɗiya ba. Na uku na masu kemis ne, waɗanda lasisinsu bai ba su ikon sayar da irin wannan ƙwaya barkatai ba. Na huɗu na ma'aikatan lafiya ne a Riruwai da Tudun Wada da sauran garuruwa: duk wanda ya shigo, ko da lalle a hannunsa ko da gemu a haɓarsa, a auna jininsa a rufa asirinsa, domin aikin asibiti magani ne, hukunci yana da nasa zauren. Malamai kuma, da suke da mumbari, su haɗa wa'azin hana ɓarna da wa'azin hana gori, tunda littafi ɗaya ne ya zo da su.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa, malamai da ɗalibai. An yi kundaye masu yawa a kan kirari da zambo da habaici a matsayin adabi, ana yaba gwanintarsu. Lokaci ya yi da za a tambayi abin da suke yi wa wanda aka jefa da su. Ɗalibin da ya fito daga Doguwa ko Bebeji yana iya tattara sunayen da ake kiran ramamme da baƙa da mai siririyar murya, da sunayen da 'yan kasuwa suke raɗa wa ƙwayoyi, ya nuna yadda na farko suke share wa na biyu hanya. Haka kuma har yanzu takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci take, gargaɗin da ke jikinta bai isa kunnen mai sha ba. Fassara shi da Hausar da za a ji a rediyo da dandali aiki ne na sashen Hausa kafin kowa.

Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa auna jiki tsohuwar ɗabi'a ce, amma ƙwayoyin zamani sun mai da ita mai kisa. Cewa mace da namiji duka suna cikin tarkon. Kuma waɗanda salonsu ko sha'awarsu ta saɓa wa abin da aka saba sun fi kowa zurfi a ciki, domin gori yana tura su kemis, tsoro kuma yana hana su asibiti. Mutanen Riruwai sun san kuza: baƙa ce, ba ta da kyan gani, a cikin yashi ake samunta, kuma mai wanki ba ya zubar da ita don launinta, nauyinta yake dubawa. Da za a auna 'ya'ya kamar yadda ake auna kuza, da mai tire ya nemi wata sana'a. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Sau da yawa wuyan da yake yankawa na ɗan cikin gida ne, mai bakin kuma shi ne zai biya kuɗin motar kai shi Kano. Allah ya sa a gyara.